Daga Kogon Saur zuwa Ƙuba a ƙafa: rubutun zango

Laraba, 1 ga Janairu 2025 (1 ga Rajab 1446), Makka

Bana Rajab ya kama rana ɗaya da Janairu, don haka kwanan wata guda ya ishe ni a wannan rubutu. Niyyarmu mu taka daga Makka zuwa Ƙuba, a bakin Madina, ta hanyar da Manzon Allah (SAW) ya bi a hijira, gwargwadon yadda malaman sira suka jero sunayen wuraren. Tsawonta wajen kilomita 470 ne. Jirgin ƙasan Haramain da aka buɗe a 2018 yana haɗa Makka da Madina cikin sa'a biyu da 'yan mintoci, shi ya sa duk wanda muka gaya wa a unguwa sai ya tambaya ko kuɗin tikiti ne babu, a haɗa mana.

Masu takawa su ne ni, da yayana, da ɗan yayarmu da muke kira Auta, sai wani ɗalibi ɗan Kano da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, wanda kowa ke ce wa Ustaz. Kawu shi ne madugu. Gwiwa ba za ta bar shi ya taka ba, zai riƙa yin gaba da Hilux ɗinsa ɗauke da jarkokin ruwa, tanti, barguna da tukunyar gas, ya jira mu a zango.

Ustaz bai yarda ya biyo mu ba sai da muka amsa masa cewa ba ibada muke ƙirƙira ba. Babu lada na musamman a bin wannan hanya, babu a hawan dutsen. Gani muke so mu yi, mu ji nisan a jikinmu. Na yarda da shi ba tare da musu ba.

Yau mun hau Saur don gwada ƙafa. Dutsen yana kudu da Harami, tsayinsa ya kai mita 750, hawansa ya ci mana kusan sa'a biyu, birai na biye da mu suna leƙen leda. A bakin kogon Ustaz ya tuna mana yadda aka tsara kwana ukun da aka yi a ciki: Asma'u tana kawo abinci, ɗan'uwanta Abdullahi yana kawo labarin Ƙuraishawa da dare, Amir bin Fuhaira yana koro tumaki a sha nono kuma su taka sawu su ɓatar da shi, can gefe kuma Abdullahi bin Uraiƙiɗ, jagaban da aka ɗauka haya alhali bai musulunta ba, yana riƙe da raƙuma biyu har ranar alkawari. Da muka sauko Kawu ya dube mu muna haki ya ce, "Tafiyar da mota ke bin ta da shayi ai yawo ce."

Juma'a, 3 ga Janairu, bayan Shumaisi

Rana ta fara samun tsari. Kawu ne ke tashin mu kafin asuba, wajen biyar da kwata. Salla, shayi, gurasa da zuma, naɗe tanti, sannan aikin da ya fi kowane cin lokaci, wato shirya ƙafa: a shafa man kaɗanya tsakanin yatsu, a manna filasta duk inda takalmi ya fara gogewa tun bai fashe ba, a sa busasshiyar safa. Kafin rana ta fito da ƙarfe bakwai mun ci kilomita uku ko huɗu. Muna tsayawa da hantsi ya dubi ludayi mu cire takalma ƙafa ta sha iska, mu sake tsayawa da azahar mu haɗa ta da la'asar ƙasaru, mu kwanta ƙarƙashin duk ƙayar da ta samu inuwa. Magariba tana yi kafin shida, saboda haka dole a isa zango da sauran haske.

Mun yi yamma ne ta wajen Shumaisi, inda Hudaibiyya take, sannan muka karkata arewa. Hanyar hijira ba ta miƙe zuwa Madina ba. An fara yin kudu, aka gangara wajen teku, duk don a kauce wa hanyar fatake inda masu nema za su tsare. Wannan ɓangaren ba shi da daɗin kallo. Shingen waya, filayen da aka kewaye, juji, manyan motoci. Wanda ya zo neman hoto mai kyau ya jira gaba.

Yau Juma'a ce, ba ta hau kan matafiyi ba, mun yi azahar. Gardama ta tashi ne kan alwala. Ni da Auta makarantar nan Saudiyya muka yi, mun taso da cewa matafiyi yana shafa a kan safa mai kauri kwana uku da dararensu. Kawu da yaya kuwa Malikiyyar gida suke riƙe da ita: shafa sai a kan huffin fata, shi kuma ba a iyakance masa kwanaki ba. Aka juya ga Ustaz ya raba, ya ce duka biyun maganar malamai ce, amma shi a ganinsa ƙafar da ta wuni cikin kambas tana bukatar ruwa ko da fiƙihu ya yafe mata. Kowa ya cire safa.

Lahadi, 5 ga Janairu, Usfan

Usfan tana wajen kilomita 80 daga Makka ta kwalta, tamu hanyar ta fi haka saboda zagaye. Gari ne na rijiyoyi tun da can, kuma a nan aka taɓa yin sallar tsoro a zamanin Annabi (SAW). Akwai tsohuwar ganuwa a kan tudu da ke kallon hanya. Mun leƙa rijiyar Tafla, muka wuce baƙala, wato kanti, muka sayi gurasar tamis mai zafi da waken ful da nonon laban, aka ci kamar an kwana biyu ba a ga abinci ba.

Lissafin ruwa shi ne ke mulkin tafiyar nan. Lita ɗaya kilo ɗaya ce a baya, babu ragi. Kowannenmu yana fita da lita uku, Kawu ya tare mu da azahar a sake cikawa. Ga na girki, ga na alwala, ga na wanke safa. Duk da sanyin hunturu ne, rana a nan gefen teku tana da cizo, gumi na bushewa ya bar farin gishiri a riga. Da yamma yaya yana haɗa mana ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara masu gudawa, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda, kuma tun da aka fara shan sa ciwon kan la'asar ya ragu. Yanzu na gane dalilin da ya sa sunayen da ke cikin sira kusan duk na rijiya ne, ko kwari, ko mashigin dutse. Mutanen da ba su da Kawu da jarka, abin da za su tuna da hanya ke nan.

Talata, 7 ga Janairu, Khulais

Jiya ba mu taka ba. Tun daren Lahadi saƙon hukumar yanayi yake shigowa waya, da safe hadari ya haɗo ta yamma baƙi ƙirin. Kawu ya ce a kwashe komai daga cikin kwari yanzu-yanzu. Auta ya ce ai ko ɗigo bai sauka ba. Kawu ya ce, "Kai yaro, ruwan da zai ci ka ba a kanka yake zuba ba, can kan duwatsu yake." Ya tuna masa ambaliyar Jidda ta Nuwamban 2009 da ta ci rai fiye da ɗari. Muka shiga mota muka nufi Khulais, muka kama ɗaki a wata istiraha, wato gidan hutu na haya. Kafin la'asar hotunan titunan Makka da Jidda cike da ruwa sun cika wayoyinmu, gida kuma ana ta kira a ji muna ina.

Yau da safe Kawu ya mayar da mu daidai inda ya ɗauke mu, don yaya ya rantse ba zai bar taku ɗaya a baya ba. Kwarin da muka yi niyyar kwana ciki ya zama laka da karikitan itace har tsayin ƙugu. Ba wanda ya ce komai, Auta ma bai ce ba. Mun wuni muna cire taɓo daga takalmi. Wannan yankin shi ne Amaj na littattafan sira.

Alhamis, 9 ga Janairu, Ƙudaid

Nan ne wurin da na fi ɗokin gani. A Ƙudaid tantin Ummu Ma'abad yake, matar Khuza'a da ke zama bakin hanya tana shayar da masu wucewa. Shekarar fari ce, ba ta da abin bayarwa, sai wata ramammiyar tunkiya da ta kasa bin garke. Manzon Allah (SAW) ya shafi hantsarta ta kawo nono, kowa ya sha ya ƙoshi, aka bar mata ƙwarya cike. A wannan yankin ne kuma Suraƙa bin Malik ya biyo su don ladan raƙuma ɗari da Ƙuraishawa suka sa, ƙafafun dokinsa suka nutse. Filin buɗaɗɗe ne, tsakuwa da tumfafiya da 'yan itatuwan ƙaya, ba inda mutum zai ɓuya. Sai da na tsaya cikinsa na ji irin tsoron da Abubakar ya ji yana ta waiwaye.

Da yamma muna kafa tanti wani makiyayin raƙuma ya zo wucewa, ya ji yaya yana yi wa Auta faɗa kan turaku, sai ya tsaya cak ya yi sallama da Hausa. Mutumin wajen Sinnar ne, a Sudan. Hausarsa ta tsofaffi ce, cike da Larabcin can, irin wadda kakarmu take yi. Ya koma ya dawo da kwano cike da nonon raƙumi, Kawu ya sa aka tafasa kafin a sha, shi kuma muka ba shi kilishi da ƙuli-ƙuli. Ya riƙe ƙuli-ƙulin yana juyawa ya ce rabonsa da shi tun kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023.

Hira ta kai dare, kuma yau ne Kawu ya buɗe baki kan mahaifinsa, kakanmu. Mun san ya zo Makka a ƙafa daga ƙasar Haɗeja, ta Maiduguri, Fort Lami (N'Djamena ta yau), Abeshe, Junaina, Fashir, Ubayyid, har bakin Shuɗin Nilu. Kullum haka ake ba mu shi, jerin garuruwa. Makiyayin ya cike mana tsakiya: garin Mai Wurno da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan an kashe mahaifinsa a Burmi a 1903, inda duk mai zuwa daga yamma yake sauke kaya, gonakin audugar Jazira da aka buɗe a 1925, inda alhazan ƙafa ke tsintar auduga su tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin. Kawu ya ce shekarun da iyayensa suka yi a hanya, mafi yawansu a zaune aka yi su. Damina ta tsayar da su su yi noma, guzuri ya ƙare su yi ƙwadago, haihuwa ta zo su jira arba'in. Na tambaye shi, "Kawu, wa yake musu girki da ɗiban ruwa?" Ya ce, "Wa kuwa? Iya mana. Da goyo a baya, tana soya ƙosai a kowane zango tana sayarwa. Da kuɗin ƙosan aka ƙetare teku." Duk tsawon rayuwata ana cewa Malam ya zo a ƙafa. Ban taɓa jin an ce Iya ta zo a ƙafa ba.

Lahadi, 12 ga Janairu, Rabig

Hutu. Jiya muka iso wajen Juhufa, miƙatin mutanen Sham da Masar, kusa da Kharrar da ke cikin jerin hanyar. Kawu ya kwashe mu zuwa Rabig don wanki, wanka da sayayya. Mun kai kaya wurin wanki, muka sayi gas, dabino, shinkafa, kifin gwangwani, filasta mai yawa, muka ci soyayyen kifi a bakin teku. A shagon shayi 'yan Sudan sun cika suna kallon waya, labari ya zo cewa sojoji sun shiga Wad Madani jiya Asabar, garin da ya fita hannunsu tun Disamban 2023. Kawu ya zauna cikinsu ya daɗe. A wajen Madani aka haifi babbar yayarsa.

Ƙafar Auta ta yi bororo babba a diddige. Yaya ya ƙona allura, ya huda gefe ya matse ruwan, bai cire fatar ba, ya wanke ya rufe. Sabon takalmi ne ya jawo, wanda ya saya ana jibi tafiya saboda ya fi kyau a hoto.

Talata, 14 ga Janairu, cikin duwatsu

Mun bar teku a baya, ƙasa ta canja. Hawa, gangara, kwari mai tsakuwa, baƙaƙen duwatsu masu cin tafin takalmi. Sunayen nan su ne Saniyyatul Mara, Liƙif, Mijaj. Sabis ɗin waya yana zuwa ne a kan tudu kawai, don haka taswirar da muka sauke tun a gida ita ce jagaba, kuma kowane dare muna zama da Kawu mu tsayar da wurin haɗuwa biyu, na farko da na ko-ta-kwana, da lokacin da in ba mu iso ba zai nemi taimako. Wayoyi suna caji a mota da rana, ɗaya kawai muke kunnawa.

Wata ya cika, sai muka fara fita tun kafin asuba muna salla a hanya. Tafiyar farin wata ta fi kowace sauƙi: ba zafi, ba ƙuda, ba mai magana. Sanyi kuma ya ƙaru sosai, da dare sai bargo biyu da hula. Kafin a sa takalmi da safe sai an kakkaɓe shi saboda kunama.

Auta ya wuni a mota jiya da yau, ransa a ɓace. Ya ce shi ke nan tafiyarsa ta lalace. Kawu ya miƙa masa wuƙa da albasa ya ce, "Ayari ba ya rasa aiki." Da muka iso mun tarar da tanti a kafe, ruwan ɗumi na jiƙa ƙafa, da dafa-duka mai kifi da ta fi ta Kawu nesa ba kusa ba, ko da yake ba wanda ya isa ya faɗi haka a gabansa.

Juma'a, 17 ga Janairu, Ƙaha

Gajiya ta fara fitowa ta baki. Yaya mai sauri ne, ba ya son tsayawa. Ustaz mai nawa ne, kowane dutse sai ya tsaya ya duba ko shi ne wanda ya karanta. Shekaranjiya sun yi musayar magana har Ustaz ya ce, "Yaya, in tsere muka zo yi ai da mun hau jirgi." Aka wuni ba hira. Da dare Kawu ya yanke hukunci irin na fatake: mai nawa shi ne a gaba, kowa ya bi takunsa, kuma ba a wuce inda ido zai daina ganin na baya. Tun daga nan nisan da muke ci a rana bai ragu ba, wanda ya ba yaya haushi fiye da hukuncin kansa.

In wani ya tambaye ni yadda ake wuni a irin wannan tafiya, takun shi ne mafi sauƙi. Ka ɗaga ƙafa ka ajiye. Abin da ke cin mutum shi ne hidimar da ke kewaye da shi, wadda ba ta ƙarewa: wanke safa a rataya a bayan jaka ta bushe, wanke tukunya da yashi don a tsimi ruwa, neman wurin kewayawa nesa da magudana a haƙa a binne, tattara shara a buhu, gyaran zip ɗin tanti, ƙirga dabino. Shara kuwa abin takaici ce. Duk kurnar da ke da inuwa mai kyau, ƙarƙashinta robobin ruwa ne da ledar shimfiɗar abinci da 'yan shaƙatawar ƙarshen mako suka bari, raƙuma da awaki kuma suna ci. Muna kwashe abin da buhunmu zai ɗauka, amma ɗiban teku ne da cokali.

Wadi Ƙaha tsohuwar hanyar ayari ce tsakanin Makka da Madina, akwai rijiyoyi da kufai a gefenta. Wani dattijo Balarabe mai awaki ya tsayar da mu, ya ƙi bari mu wuce sai da muka sha gahawa da dabino. Ya tambayi asalinmu, yaya ya ce Makka. Ya sake tambaya, yaya ya ce Makka ɗin dai, kakanninmu ne suka zo daga Najeriya a ƙafa. Dattijon ya dubi takalmanmu ya ce ashe gado ne.

Lahadi, 19 ga Janairu, Araj

Auta ya dawo layi da tsohon kambas ɗin Kawu, wanda ya yi masa yawa, an cike da safa biyu. A nan Araj ne abin hawan Manzon Allah (SAW) ya gaji, wani mutumin Aslam, Aus bin Hujur, ya ba da raƙuminsa ya haɗa da yaronsa Mas'ud ya raka su har Madina. Ustaz yana karanto wannan sai na waiwayi Kawu na ce, "Kun ji ko, Kawu? Ko su an tare su da abin hawa a hanya." Ya ce, "Su gudun rai suke yi, ku me ya koro ku?" Amma ya ƙara mini shayi.

Dutsen Wirƙan yana gabanmu, ya haura mita 2,000. Abin da ya rage shi ne mashigin Ga'ir a gefen Rakuba, sai gangara zuwa Ri'im, sai filin da zai kai mu Ƙuba, inda aka sauka ranar Litinin cikin Rabi'ul Awwal, Satumban 622. Tsohuwar turbar da muka zaɓa mota ba ta bin ta, don haka Kawu zai zagaya ya jira mu ta ɗaya gefen, kuma gobe za mu kwana ba shi. Mun baje kaya a tabarma muna ragewa. Lita shida kowa, tanti ɗaya maimakon biyu, ba tukunya, sai garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino da sauran kilishin da Auta bai gano inda aka ɓoye ba. Ustaz ya bar littattafansa a mota bayan dogon ciniki, ya ɗauki hoton shafukan da yake so. An yi da Kawu cewa in la'asar ɗin Talata ta yi bai gan mu ba, ya hau tudu ya kira lambar agajin gaggawa. Ya ce shi dai a bar masa makullin jakar sukari.